Alamomin da ƙanƙara ke bari a doron ƙasa bayan ta narke

Kimanin shekaru dubu 20 da suka wuce, wuraren da biranen Toronto da Chicago da Stockholm da Glasgow suke a yau duk suna binne ne a ƙarƙashin ƙanƙara. A wasu sassan Kanada kaurinta ya kai kilomita 3.

Masana kimiyyar ƙasa sun ƙiyasta cewa a wancan zamani ƙanƙara ta rufe fiye da kashi 25 cikin 100 na faɗin ƙasar duniya, idan aka cire tekuna. A yau kimanin kashi 10 cikin 100 ne take rufe da shi, galibi a nahiyar Antatika da tsibirin Girinlan. Saboda yawan ruwan da ya daskare a kan tudu, tekun wancan lokaci ya yi ƙasa da na yanzu da kimanin mita 120.

Daga bisani ƙanƙarar ta narke, amma ba ta tafi haka nan ba. Ta bar tafkuna da kwaruruka da tuddai da ƙasar noma, waɗanda miliyoyin mutane ke rayuwa a kansu ba tare da sanin asalinsu ba. Irin wannan aiki ne kuma ke gudana yanzu a tsaunukan Himalaya da Andes, inda a wasu lokuta yakan zo da asarar rayuka.

Yadda ƙanƙara ke tafiya

Ƙanƙarar da ake nufi a nan ba irin wadda kan zubo tare da ruwan sama ta ɓarnata amfanin gona ba ce. Dusar ƙanƙara ce da ke taruwa shekara bayan shekara a wuraren da sanyi ya hana ta narkewa. Ta sama ta danne ta ƙasa, har ta dunƙule ta yi tauri kamar dutse.

Idan kaurinta ya kai wasu gomman mitoci, sai nauyi ya sa ta fara gangarawa a hankali. Wadda ke bin kwari tsakanin tsaunuka ita ake kira kogin ƙanƙara. Wadda ta lulluɓe ƙasa baki ɗaya kuwa, kamar ta Girinlan, ana ce da ita shimfiɗar ƙanƙara.

Yawancin kogunan ƙanƙara ba sa wuce tafiyar mita ɗaya a rana, ko da yake a shekarar 2012 an auna na Jakobshavn da ke Girinlan yana cin fiye da mita 40 a kowace rana.

Aiki iri biyu ƙanƙara ke yi a kan hanyarta. Takan manne wa duwatsun da ke ƙarƙashinta ta fizgo su ta tafi da su. Sannan waɗannan duwatsu da ta ɗauko sukan riƙa gogar falalen dutsen da ke ƙasa, kamar yadda ɗan dutsen niƙa ke gogar uwarsa. Sakamakon haka shi ne dogayen zane-zane a jikin dutse, waɗanda ke nuna inda ƙanƙarar ta nufa, da kuma wani gari mai laushi ƙwarai. Wannan garin dutse ne ke bai wa tafkuna irin su Louise na Kanada launin shuɗi mai ratsin kore da ke jawo masu yawon buɗe ido.

Ɓatattun duwatsu

Shaidar farko da ta ja hankalin masana ita ce wasu manya-manyan duwatsu da ake iskewa a zaune cikin gonaki da dazuzzuka, alhali babu irinsu a duk yankin. A gefen tsaunukan Jura na ƙasar Suwizalan akwai irin waɗannan duwatsu da wasunsu suka kai girman ɗaki, waɗanda asalinsu daga tsaunukan Alps ne, a can ƙetaren wani faffaɗan fili.

A farkon ƙarni na 19 malaman Turai da dama sun danganta su da Ruwan Ɗufana. Wasu kuma suka ce curin ƙanƙara masu yawo a teku ne suka ɗauko su, a lokacin da ruwa ya rufe yankin.

Wani mafarauci ɗan ƙauye mai suna Jean-Pierre Perraudin ne ya zo da wata fassara ta dabam. Ya lura cewa zane-zanen da ke jikin duwatsu a can ƙasan kwarinsu iri ɗaya ne da waɗanda yake gani a bakin kogin ƙanƙara a saman tsauni. Don haka ya ce lalle ƙanƙara ta taɓa cika kwarin baki ɗaya.

A shekarar 1815 ya faɗa wa wani masani, Jean de Charpentier, wanda ya ɗauki zancen a matsayin shirme. Sai da wani injiniya, Ignaz Venetz, ya tara hujjoji ya gabatar a 1829, kafin Charpentier ya sauya ra'ayi.

A shekarar 1837 ne Louis Agassiz ya tsaya gaban taron masana a garin Neuchâtel ya bayyana cewa an taɓa yin wani zamani da ƙanƙara ta rufe babban ɓangare na arewacin duniya. An yi ta ja-in-ja na tsawon shekaru kusan 30 kafin akasarin masana su amince. Sunan Agassiz ne ya shiga littattafai, sai dai mafaraucin nan ya riga shi ganin abin da shekaru fiye da 20.

Ɗaya daga cikin mafiya shahara a irin waɗannan ɓatattun duwatsu yana kusa da garin Okotoks a lardin Alberta na Kanada. An ƙiyasta nauyinsa ya kai tan 16,500, kuma ƙanƙara ce ta goyo shi ɗaruruwan kilomita daga tsaunukan yankin Jasper, ta ajiye shi a tsakiyar fili.

Kwaruruka da tafkuna

Kwarin da ruwan kogi ya haƙa yakan kasance mai tsukakken gindi, kamar harafin V. Ita kuwa ƙanƙara takan faɗaɗa kwari ta shafe gindinsa, ta bar bangaye masu tsayi a tsaye, kamar harafin U. Kwarin Yosemite na jihar Kalifoniya da na Lauterbrunnen a Suwizalan duk irin wannan ne.

Da yake babban kogin ƙanƙara ya fi ƙananan da ke shigo masa haƙa da zurfi, bayan narkewa sai a iske ƙananan kwarurukan a rataye can sama, ruwansu na faɗowa daga nesa. Wannan ne ya sa ƙasar Norwe ke samun kusan kashi 90 cikin 100 na lantarkinta daga ƙarfin ruwa.

Inda irin wannan kwari ya isa gaɓa har teku ta shige shi, ana kiransa fiyod. Wanda ya fi girma a Norwe, wato Sognefjord, ya kutsa cikin ƙasa fiye da kilomita 200, zurfinsa kuma ya kai kimanin mita 1,300.

Idan kuma kogunan ƙanƙara suka ci tsauni ɗaya ta fuskoki uku ko huɗu, sai su fere shi ya yi tsini. Tsaunin Matterhorn mai tsayin mita 4,478 a kan iyakar Italiya da Suwizalan shi ne misalin da kowa ya sani.

Amma babu abin da ƙanƙara ta bari da yawa kamar tafkuna. Manyan tafkuna biyar na arewacin Amurka, wato Superior da Michigan da Huron da Erie da Ontario, suna cikin ramukan da ta zurfafa ne, kuma suna ɗauke da kimanin kashi 20 cikin 100 na ruwan daɗin da ke kwance a doron ƙasa. A Finlan an ƙirga tafkuna kusan dubu 188.

Kayan da aka sauke

Ruwan kogi yakan tace abin da ya ɗauko: tsakuwa wuri guda, yashi wuri guda, laka wuri guda. Ƙanƙara ba ta tacewa. Inda ta narke, nan take zubar da komai a cakuɗe, daga garin dutse har zuwa dutsen da ya fi mota girma.

Idan bakin ƙanƙara ya daɗe a wuri ɗaya, tana kawo kaya tana narkewa, sai baraguzan su taru su zama dogon tudu kamar ganuwa. Masana na kiran wannan tudu moren, kuma da shi suke gane iyakar inda ƙanƙara ta tsaya.

Tsibirin Long Island, inda unguwannin Brooklyn da Queens na birnin New York suke, an gina ƙashin bayansa ne da irin waɗannan tuddai guda biyu. A kudancin Finlan kuma akwai tuddan Salpausselkä masu tsawon ɗaruruwan kilomita, waɗanda suka taru kimanin shekaru dubu 12 da suka wuce, lokacin da sanyi ya dawo na ɗan wani zamani ya tsayar da narkewar. Su ne suka datse tafkunan ƙasar daga kudu.

Akwai kuma wasu ƙananan tuddai masu santsi da siffar ƙwai da aka raba biyu aka kife, waɗanda ake kira dramlin, kalmar da aka aro daga harshen mutanen Ailan. Ba a cika samunsu ɗaya-ɗaya ba. Sukan zo ne garke-garke, duk suna fuskantar gefe guda, wato inda ƙanƙara ta bi. A jihar New York kaɗai akwai kimanin dubu 10. A kan irin wannan tudu ne aka gwabza faɗan Bunker Hill a 1775, a farkon yaƙin neman 'yancin Amurka. Har yanzu masana na muhawara kan ainihin yadda ƙanƙara ke ƙera su.

Wani abin mamaki shi ne eska, wato dogon tudun yashi da tsakuwa mai lanƙwasa kamar maciji. Asalinsa gadon kogi ne da ya gudana ta cikin rami a ƙarƙashin ƙanƙara. Da bangayen ƙanƙarar suka narke, sai gadon kogin ya rage a tsaye bisa fili.

Tun zamanin da mutane sun gane amfaninsa. A Ailan, tsohuwar hanyar da ta ratsa fadamun tsakiyar tsibirin daga Dublin zuwa Galway ta bi ta kan jerin tuddan da ake kira Esker Riada ne. A Suwidin birnin Uppsala na shan ruwan da yashin irin wannan tudu ya tace, kuma a ƙasashe da dama nan ake ɗibar tsakuwar gini.

Wani lokaci kuma curin ƙanƙara kan ɓalle yashi ya binne shi. Idan ya narke sai ƙasa ta rufta ta bar rami zagayayye kamar tukunya, ruwa ya cika shi. Miliyoyin ƙananan tafkuna da kududdufai da ƙanƙara ta bari a filayen Dakota da kudancin Kanada su ne matattarar da kimanin rabin agwagin daji na arewacin Amurka ke ƙyanƙyasa.

Rabon da ƙanƙara ta yi na ƙasar noma ba na adalci ba ne. Ta kankare faffaɗan yanki na Kanada har sai da falalen dutse ya fito, ta kai ƙasar kudu ta zube. Iska kuma ta kwashi garin dutsen da ya bushe, kamar yadda take kwasar ƙurar hunturu, ta shimfiɗa shi a jihohi irin su Iowa da Illinois, da kuma Yukiren a Turai, waɗanda a yau ke cikin manyan rumbunan hatsi na duniya. Manoman jihohin New England kuwa tsakuwa da duwatsu suka gada, abin da ya sa suka kewaye gonakinsu da katangun duwatsun da garma ta tono.

Ambaliyar da aka ƙi yarda da ita

A gabashin jihar Washington ta Amurka akwai wani yanki da aka kware wa ƙasa, mai cike da busassun magudanai. A can ne ake da wata gangara mai suna Dry Falls, mai tsayin mita 120 da faɗin fiye da kilomita 5, wadda duk alamu suka nuna ruwa ya taɓa kwarara ta kanta, amma babu kogi a wurin.

A shekarar 1923 wani masani, J Harlen Bretz, ya ce wata gagarumar ambaliya ce ta yi wannan aiki cikin ɗan ƙanƙanin lokaci. Takwarorinsa suka yi masa ca, domin a fahimtarsu ƙasa a hankali take sauyawa.

Daga baya aka gano tushen ruwan. Wani reshen ƙanƙara ne ya datse kogi a inda jihar Idaho take yanzu, ruwa ya taru a bayansa ya zama tafkin Missoula, mai zurfin kimanin mita 600 a bakin datsiyar. Duk lokacin da ruwan ya fi ƙarfin ƙanƙarar sai ta fashe, tafkin ya kwarara cikin 'yan kwanaki. Hakan ya faru gomman lokuta.

A 1979 aka bai wa Bretz lambar yabo mafi girma ta ƙungiyar masana kimiyyar ƙasa ta Amurka, a lokacin ya haura shekaru 95, kuma akasarin waɗanda suka ƙaryata shi sun riga mu gidan gaskiya.

Masu bincike a Ingila sun ce irin wannan ambaliya ce, kimanin shekaru dubu 450 da suka wuce, ta fara fasa tudun da ya haɗa Birtaniya da Faransa, a inda mashigin ruwan Dover yake a yau.

Ƙasa na tasowa

Nauyin ƙanƙara mai kaurin kilomita 2 ko 3 yakan danne ƙasa ta lotsa. Idan aka ɗauke nauyin sai ta riƙa tasowa, amma cikin dubban shekaru.

A gaɓar Höga Kusten ta Suwidin ƙasa ta taso da kimanin mita 285 tun bayan narkewar, kuma har yanzu tana ƙaruwa da kimanin milimita 8 a shekara. A 1649 sai da aka matsar da garin Luleå kusa da teku, saboda tasharsa ta jiragen ruwa ta daina ɗaukar jirage.

Anders Celsius, wanda ake kiran ma'aunin zafi da sunansa, ya sa an yi alama a jikin wani dutse na gaɓa a 1731 domin auna lamarin. Shi a zatonsa ruwan teku ne ke raguwa. Sai a 1865 wani ɗan Sikotlan, Thomas Jamieson, ya danganta abin da nauyin ƙanƙara.

Ƙanƙara a Sahara

Ba a ƙasashen sanyi kaɗai ake samun waɗannan alamomi ba. A shekarun 1960 masu binciken man fetur na Faransa sun ci karo da falalen duwatsu masu zanen ƙanƙara a tsakiyar hamadar Aljeriya, a yankin Tassili n'Ajjer da Hoggar. An kuma samu irinsu a tudun Djado da ke arewa maso gabashin Jamhuriyar Nijar, da Libiya da Muritaniya da Maroko.

Bayanin da masana suka bayar shi ne, kimanin shekaru miliyan 445 da suka wuce, yankin da ya zama arewaci da yammacin Afirka yana kusa da ƙuryar kudu ta duniya ne, kafin nahiyoyi su gusa zuwa inda suke a yau.

Yashin da ruwan waccan ƙanƙara ya tara ya daskare ya zama dutse mai ƙananan ƙofofi, wanda ke riƙe mai da iskar gas. Daga irin wannan dutse ne ake haƙo mai a rijiyoyin Sharara da ke kudu maso yammacin Libiya.

A Afirka ta yau, a kan tsaunuka uku kawai ƙanƙara ta rage: Kilimanjaro a Tanzaniya, da tsaunin Kenya, da Rwenzori a kan iyakar Yuganda da Kwango. Wani bincike da aka wallafa a 2009 ya nuna cewa Kilimanjaro ya rasa kashi 85 cikin 100 na ƙanƙararsa tsakanin 1912 da 2007. A 2022 hukumar UNESCO ta ce da wuya ƙanƙarar Kilimanjaro da ta tsaunin Kenya su wuce shekarar 2050.

Sababbin tafkuna masu haɗari

Yayin da ɗumamar yanayi ke sa kogunan ƙanƙara ja da baya, ruwansu na taruwa a bayan tuddan moren. A Suwizalan kaɗai an ƙirga sababbin tafkuna kusan 1,200 da suka ɓulla tun daga 1850.

Matsalar ita ce, moren ba madatsar da injiniya ya gina ba ce. Tarin tsakuwa ne da laka, wani lokaci da ƙanƙara a binne a cikinsa, wadda ita ma ke narkewa. Idan wani ɓangaren tsauni ya zaftaro cikin tafkin, igiyar ruwa kan haye tudun ta yanke shi, sai ruwa da laka da duwatsu su gangara kan duk abin da ke ƙasa.

Haka ta faru a ƙasar Peru ranar 13 ga watan Disamba na 1941, lokacin da tafkin Palcacocha ya ɓalle ya afka wa birnin Huaraz, inda aƙalla mutane 1,800 suka mutu. A watan Agustan 1985 tafkin Dig Tsho na Nepal ya share wata tashar lantarki da ake gab da kammalawa. A watan Mayun 2022 ambaliya daga kogin ƙanƙara na Shisper ta rusa gadar Hassanabad a kan babbar hanyar da ta haɗa Pakistan da Sin.

A farkon watan Oktoban 2023 kuma tafkin South Lhonak na jihar Sikkim a Indiya ya fashe cikin dare. Ruwan ya rusa madatsar Teesta ta uku mai ƙarfin megawat 1,200, gomman mutane suka mutu, wasu da dama suka ɓace.

Wani bincike da aka wallafa a 2023 ya ƙiyasta cewa mutane miliyan 15 ne ke zaune a wuraren da irin wannan ambaliya ka iya kaiwa, fiye da rabinsu a Indiya da Pakistan da Peru da Sin.

Maganin da aka sani shi ne a rage ruwan tun kafin ya fi ƙarfin tudun. Peru ta shafe shekaru tana haƙa magudanai da ramuka a gomman tafkunanta. A 2016 sojojin Nepal sun rage tsayin ruwan tafkin Imja, kusa da tsaunin Everest, da fiye da mita 3, a wani aiki da aka yi a wurin da ya kai kimanin mita 5,000 sama da teku.

Sai dai aikin na da tsada, kuma tambayar wa zai biya ta kai gaban shari'a. A 2015 wani manomi daga Huaraz, Saúl Luciano Lliuya, ya kai ƙarar kamfanin makamashi na RWE a Jamus, yana neman ya biya wani kaso na kuɗin kare garin daga tafkin Palcacocha, gwargwadon hayaƙin da kamfanin ya fitar.

A watan Mayun 2025 wata kotu a birnin Hamm ta kori ƙarar, tana mai cewa haɗarin da gidan manomin ke fuskanta bai kai yadda za a tilasta biya ba. Amma ta ce bisa dokar Jamus ana iya ɗora wa manyan masu fitar da hayaƙi alhakin irin wannan ɓarna, ko da a wata nahiya ta auku.